Aletta Jacobs: Likitar da ta nemi ƙuri'a

A 1871 wata budurwa 'yar ƙasar Holan mai suna Aletta Jacobs ta rubuta wa Firaminista Thorbecke wasiƙa tana neman izinin shiga Jami'ar Groningen. An ba ta, kuma a 1879 ta kammala digirin likitanci, mace ta farko da ta yi hakan a ƙasar.

A unguwar Jordaan ta talakawan Amsterdam, inda take duba mata kyauta, ta ga 'yan matan kanti da ke wuni a tsaye har jikinsu ya lalace. Ta fahimci allura ba za ta warkar da wannan ba, sai doka, ita kuwa doka masu ƙuri'a ke yin ta. A ra'ayinmu, nan ne girmanta yake.

A 1883 ta nemi a sa sunanta cikin masu zaɓe, tunda tana biyan haraji. Aka hana ta, har kotun ƙoli ta goyi bayan hanin. Abin takaici, a 1887 aka ƙara kalmar "maza" cikin kundin tsarin mulki don toshe ƙofar. Ba ta karaya ba. Matan Holan sun samu 'yancin zaɓe a 1919, Jacobs kuwa ta rasu a 1929.