Izina Daga Fazzan Ga Mutanen Ƙasar Daura

Duk wanda ya taɓa zama gaban dattawan Daura ya saurari asalin garin, ya san cewa kafin a kai ga Bayajidda da macijiyar rijiyar Kusugu, ruwayar takan faro ne daga Kan'ana, ta biyo ta Masar da Tarabulus, sa'an nan ta keto hamada har ta sauka a Tsohon Birni. Ko da malaman tarihi sun yi saɓani a kan ingancin wannan ruwaya, ba wanda ke jayayya cewa ƙasar nan ta daɗe tana fuskantar arewa, kuma saboda haka ne nake ganin wajibi ne mu yi nazarin abin da ya sami lardin Fazzan.

Fazzan yana kudu maso yammacin Libiya, ƙasa ce ta rairayi da duwatsu, inda Larabawa da Buzaye da Tubawa suke zaune a dausayoyi suna noman dabino da ɗan abin da ya samu na alkama da sha'ir. Dabino bai isa ya gina birni kamar Murzuk ko Gat ba. Hanya ce ta gina su, domin ta nan ayarin fatake yake bi da jar fata da tufafin rini da hauren giwa da gashin jimina, har da bayin Allah da aka sayar bisa zalunci, ya komo da takarda da alharini da littattafan fiƙihu. Darajar wannan hanya ce ta sa sarakunan Kanem suka shimfiɗa ikonsu a can cikin ƙarni na 13, kuma ita ce Bature Barth ya biyo a 1850 kafin ya iso Katsina da Kano a farkon 1851.

To, a 1911, shekarar da Sarki Abdurrahman ya hau gadon Daura, hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, Italiya kuma ta auka wa Tarabulus, sai fatauci ya juya ya nufi Ikko, zangunan hamada suka yi tsit. Yau akwai man fetur a ƙarƙashin rairayin Fazzan, amma a ƙarshen 2018 sai da mutanen lardin suka tsayar da aiki a rijiyoyin Sharara, suna kukan cewa dukiya tana fita daga ƙasarsu alhali kuwa ba asibitin kirki, ba aikin yi.

Mu dawo gida. Masarautar Daura, da ƙananan hukumominta biyar, wato Daura da Sandamu da Mai'adua da Zango da Baure, ƙasar jigawa ce mai gajeriyar damina, wadda talakanta ya dogara ga gero da wake da gyaɗa da riɗi da kiwo, sa'an nan ga kasuwa. Wanda ya ga raƙuma da shanun da ake korowa daga Damagaram zuwa kasuwar Mai'adua ran Lahadi, ko ya tsaya a Kwangwalam ya ga shige da fice, ya san cewa iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta ratsa ne ta tsakanin dangi. Da aka rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, mun ɗanɗani abin da Murzuk ta sha: dillali ya zauna, mai amalanke ya zauna, matasa kuwa suka koma bin ɓarauniyar hanya da ransu a hannu.

Ba na raina ni'imar da birnin ya samu a zamanin marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa. Ga Jami'ar Sufuri, ga hanyar jirgi daga Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinta a 2021, wadda za ta ratsa Daura. Sai dai ina tsoron kada ta zama kamar bututun man Fazzan, arziki ya riƙa wucewa ta gaban manomi yana kallo, domin jirgi ba ya amfanar ƙauyen da ba shi da abin lodawa. Ruwan madatsun Sabke da Daberam, in an gyara magudanansu, ya isa ya hana dubban magidanta tafiya cirani; gawon da ake sarewa a gonaki kuwa, maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun nuna cewa in an bar tohonsa ya girma, ƙasar da ta gaji takan farfaɗo.

Ina roƙon Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Faruk Umar Faruk, Allah ya ja zamaninsa, da hakimansa da wakilanmu a majalisu, su sa hanyoyin ƙauye da noman rani da rumbunan ajiya a kusa da tashar jirgi su zama farkon abin da za su nema daga hukuma, tun jirgin bai fara busa ba.