Matar sarki baƙuwa, laifin gari duka a kanta

Duk wanda ya zauna ajin tarihi a kwaleji ya ji sunan Marie-Antoinette, matar Sarki Louis na 16 na Faransa. Abin da aka fi riƙewa shi ne wai ita ta cinye dukiyar ƙasa har talakawa suka yi bore. Ni dai ina ganin an ɗora mata kayan da ba nata kaɗai ba.

Ƴar sarautar Otirish ce. A 1770 aka kawo ta Faransa tana da shekara 14, mijin yana da 15. Auren siyasa ne, don ƙulla zumunci tsakanin ƙasashe biyu da suka daɗe suna gaba. Shekara takwas ba haihuwa, sai a ƙarshen 1778 ta samu ɗiyar fari. Kun san yadda bakin mutane yake: ita aka fi sa gaba da habaici da takardun batsa. Ko sunanta ba a kira, sai dai "ƴar Otirish".

A 1785 wata mata, Jeanne de La Motte, ta yaudari Kardinal Rohan ya karɓi sarƙar lu'ulu'u mai tsadar gaske da sunan sarauniya. Shari'a ta nuna ita ba ta san zancen ba, amma gari ya riga ya yanke nashi hukunci. Haka maganar nan da ake cewa ta ce talakan da bai samu burodi ba ya ci kek: babu shaidar ta faɗa, labarin yana cikin littafin Rousseau da aka rubuta tun tana yarinya a gidansu.

To, ba wanke ta nake yi tas ba. Ta yi caca, ta kashe kuɗi kan tufafi lokacin da mutane ke fama da tsadar abinci. A 1792 ma ta aika wa danginta sirrin shirin yaƙin Faransa, wannan kam babban laifi ne. Amma abin da ya karya baitulmali bashin yaƙe-yaƙe ne, har da taimakon da aka ba Amurka wajen yaƙin neman ƴanci, ga kuma manya da aka ɗauke wa yawancin haraji. Maza ne suka sa hannu a kan waɗannan. Ranar 16 ga Oktoba 1793 aka fille mata kai a Paris, tana da shekara 37.

Mi ya haɗa mu da wanga labari? Mu mutanen bakin iyaka ne, muna auro mata daga Gaya, daga Kamba, daga Malanville. In rumbu ya ƙare da wuri, sai ka ji "tunda aka kawo ta". In haihuwa ta yi jinkiri, ita ake jiƙa wa magani, maigida ko likita bai taɓa zuwa ba. Yanzu kuma WhatsApp ta ƙara wa abin gudu: murya ɗaya a gurup, kafin magariba an gama da mutuncin ɗiyar mutane, ga danginta nesa, ba mai tare mata.

In ta yi laifi a faɗa mata laifinta, iyakar abin da ta yi. Sauran kuwa a nemi mai shi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Allah ya sa mu gane.