Akra zuwa Tamale: awa ɗaya a sama, yini guda a ƙasa

Idan aka miƙe layi daga filin jirgin saman Akra zuwa na Tamale, nisan bai wuce kilomita 450 ba, kuma jirgi na cinye shi cikin awa ɗaya ko da 'yan mintoci a kai. Wanda ya hau bas kuwa, ya bi ta Kumasi, Techiman, Kintampo da Buipe, sai ya shafe sama da kilomita 600, awa 10 zuwa 12 idan hanya ta yi kyau. In ba ta yi ba, sai dai haƙuri.

Wannan awa ɗayar ce 'yan siyasa ke yawan nunawa idan suna maganar an kusanto da Arewa. Ba ƙarya suka yi ba. Tun 2016 alhazan Arewa ke tashi kai tsaye daga Tamale zuwa Saudiyya, ba sai tsoho ya sauko Akra ya kwana a sansanin alhazai yana jiran jirgi ba. A 2023 aka buɗe sabon ginin matafiya a filin. Kamfanoni biyu, Africa World Airlines da PassionAir, su ke zirga-zirga a wannan layin.

To amma awa ɗayar ta cikin iska ce kawai. Mutumin Nima ko Mamobi yana maƙwabtaka da filin jirgi, shi kam ya huta. Na Kasoa ko Ashaiman sai ya fara fafatawa da cunkoson motoci, sannan ya isa da wuri don a auna kaya. Ya sauka kuma, filin na wajen gari, kusan kilomita 20 daga tsakiyar Tamale. Ka haɗa duka, awa huɗu ta tafi. Wanda Bolgatanga ya nufa yana da sauran kilomita kusan 160 a mota, na Bawku ya fi haka, don jihar Upper East har yau jirgin fasinja ba ya sauka a cikinta. Ga kuma hunturu: daga Disamba zuwa Janairu, idan hazo ya rufe Tamale, a jinkirta tashi ko a soke shi ɗungurungum.

Sai babbar magana, kuɗin tikiti. Ya ninka na bas sau da yawa. Ma'aikacin da ofis ke biya masa, ko ɗan kasuwa mai ƙarfi, ba ya ji a jikinsa. Amma mai kai doya kasuwar Agbogbloshie, da yarinyar da ta zo kayayo, da iyalin da rasuwa ta taso su cikin dare su biyar, ai duk titi za su bi.

Titin nan kuwa mun san abin da ya ci. A Fabrairun 2016, da kuma Maris na 2019, haɗarin bas a yankin Kintampo ya kashe sama da mutum 50 kowane karo. Allah ya jiƙansu.

Shi ya sa a ganina, in za a auna nisan Tamale da Akra, da agogon mai bas ya kamata a auna. A raba hanyar Akra zuwa Kumasi gida biyu har ƙarshe, aikin da gwamnatoci suka daɗe suna miƙa wa juna, sannan a waiwayi ta Techiman zuwa Tamale. Awa biyu da aka rage wa mai bas za ta shafi mutane fiye da duk waɗanda jiragen nan ke ɗauka.