"Successful" ba ya nufin kuɗi sun shiga

A shagunan Kakuri da Barnawa rigimar tiransifa iri ɗaya ce: mai saye ya nuna waya an rubuta "Successful", mai shago ya ce bai ga alat ba. Sau da yawa kowa gaskiyarsa yake faɗa. Kuɗin sun bar asusun mai turawa, amma sai sun bi ta NIBSS kafin ɗaya bankin ya zuba su.

Laifin sunan ne. Tun 2014 WhatsApp ya bambanta matakai uku: an tura, ya isa, an karanta. Hira ke nan fa, ina ga jarin mutum? Ya kamata manhajojin banki su raba "Sun fita" da "Sun shiga", bayanansu kuma su faɗi minti nawa za a jira kafin a kai ƙorafi.