Gyara Kayanka: Seramik ko kakin haɗi, wanne ya dace da fentin motar gida?

A wannan fitowa za mu tattauna wani sabon abu da ya shigo wuraren wankin mota da garajojin manyan biranenmu, wato shafen da ake kira seramik. Masu tallansa suna cewa da zarar an shafa shi, fenti ya tsira daga rana da ƙura da ƙarzuwa na tsawon shekaru. A gefe guda kuma ga tsohon abokin hamayyarsa, man kariya na sinadarai da masu Faransanci ke kira cire synthétique ko scellant, wanda a nan za mu kira kakin haɗi. Tun da mota na daga cikin manyan kadarorin gida, kuma kyan jikinta ne mai saye ke fara dubawa ranar da za a sayar, ya kamata maigida ya san abin da zai zuba kuɗinsa a kai.

Da farko, mene ne ake son karewa? Fentin mota hawa-hawa ne. Akwai shafen ƙasa mai hana tsatsa, sai shafen share fage, sai mai launi, sannan na sama mai garai-garai kamar gilashi, wanda masu fenti ke kira vernis. Wannan na saman shi ne ke ba mota ƙyalli, shi ne kuma ke tare zafin hasken rana daga cin launi. Kaurinsa bai cika wuce mikron 35 zuwa 50 ba, alhali mikron 1,000 ne ke yin milimita ɗaya. Wato bai kai kaurin silin gashin kai ba. Idan ya ƙone ya fara ɓarewa, kamar yadda muke gani a rufin tsofaffin motoci da murfin injinsu, babu man da zai dawo da shi, sai sabon fenti.

Kakannin abubuwan kariya shi ne kakin karnauba, wanda ake samu daga ganyen wani irin giginya na arewa maso gabashin Burazil. Yana ba da ƙyalli mai daɗin kallo, amma a zafi irin namu ƴan makonni yake yi ya gushe. Wannan rauni ne ya sa masana'antu suka haɗa kakin haɗi daga sinadaran folima, dangin roba. Ana shafa shi da soso mai laushi, a bar shi ya sha iska, a goge da tsumma mai tsabta. Yakan yi wata huɗu zuwa shida yana aiki, wani lokaci fiye, gwargwadon wanki da wurin ajiya. Kuɗinsa da sauƙi, kwalba ɗaya tana isa shafe da yawa, kuma maigida da yaransa za su iya aikin cikin sa'a ɗaya ko biyu a inuwa. In an yi kuskure, a goge a sake.

Shi kuwa seramik ruwa ne mai ɗauke da sinadarin silika, wanda idan ya bushe yake ƙanƙarewa ya manne da shafen sama, ya zama siririyar fata mai tauri wadda ba ta cika wuce mikron ɗaya ko biyu ba. Masu yin sa suna alkawarin shekara biyu zuwa biyar. Amfaninsa na gaskiya ne: yana jure zafi da sabulu fiye da kowane kaki, datti ba ya kama shi sosai, wanki yana sauƙi, kuma kashin tsuntsaye da danƙon itatuwa ba sa saurin cin fenti. Sai dai yana da sharuɗɗa. Dole a wanke motar sarai, a cire duk abin da ya maƙale, a goge ƙarzuwa da inji kafin a shafa, domin duk aibin da aka rufe a ƙarƙashinsa ya zauna ke nan. Bayan shafawa motar na bukatar kamar yini da kwana a rufaffen wuri, ba ruwa ba ƙura, sannan kamar mako guda ba a wanke ta ba. Wannan aiki ne ya sa kuɗinsa ya ninka na kakin haɗi sau da yawa. In kuma aka shafa shi ba daidai ba, ba ya fita sai da inji, wanda ke rage kaurin shafen sama.

Akwai wata alama, 9H, da ake rubutawa a kwalaben seramik, wadda ke ruɗin mutane. Wannan ma'aunin taurin fensir ne, ma'ana fensir mafi tauri bai ƙarje shi ba a gwaji. Ma'aunin duwatsu daban ne, shi ne wanda Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, inda lu'ulu'u ke mataki na 10, ƙwayar rairayi kuma ke na 7. Rairayi ya fi kowane fenti da kowane shafe tauri. A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Hazon hunturu da ke rufe Damagaram da Maradi da Garwa, mai yawansa daga kwarin Bodele na arewacin Chadi yake tasowa, busasshen gindin wani tsohon tafki da ake lissafa shi cikin manyan mafitar ƙura a duniya, kuma iska na haɗo shi da ɓarɓashin rairayi a hanya. Duk safiyar da yaro ya ɗauki busasshen tsumma ya share wannan ƙura daga jikin mota, tamkar ya goga mata takardar yashi ne. Seramik ba zai hana wannan ba, haka nan ba zai tare tsakuwar da tayar babbar mota ta harbo ba.

Abu na biyu shi ne ruwa. Seramik na sa ruwa ya dunƙule ya zama ɗigo-ɗigo, abin sha'awa a ido. Amma idan ruwan rijiya ne mai gishiri-gishiri, aka bar shi ya bushe a rana irin ta Yamai a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kowane ɗigo zai bar farin tabo mai wuyar fita. Saboda haka motar da ta sha seramik ma tana bukatar a wanke ta a inuwa, a tsane ta nan take.

To, wanne za mu zaɓa? Mafi yawan motocin gidajenmu na hannu ne, sun yi shekaru a Turai kafin su sauka a tashar ruwan Kwatano ko Lome, kuma da yawansu an taɓa yi musu fenti a wasu sassa. Ga irin waɗannan, shawararmu ita ce kakin haɗi sau biyu a shekara: sau ɗaya a watan Oktoba kafin hunturu ya kankama, sau ɗaya kuma gab da damina. Sauran kuɗin a kafa rumfa a tsakar gida, domin inuwa ta fi kowane shafe kare fenti. Wanda kuwa ke da sabuwar mota mai lafiyayyen fenti da wurin ajiya, kuma ya samu gwani mai rufaffen garaji, seramik zai biya shi. Ya dai tambayi sunan abin da za a shafa, ya ga kwalbar da idonsa, domin akwai ruwan feshi mai araha da ake rubuta wa seramik alhali kariyarsa ta ƴan watanni ce. Wanda aka yi wa sabon fenti kuma ya dakata wata ɗaya zuwa uku fentin ya gama bushewa kafin ya rufe shi da ko wanne.

Ko wanne aka zaɓa, dokokin wanki ɗaya ne. A fara kwara ruwa ƙura ta sauka kafin hannu ya taɓa jiki. A yi amfani da bokiti biyu, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye soso. A guji sabulun gari na wankin tufafi, domin yana cinye kaki. Tsumman taya kada ya hau jiki. Kashin tsuntsu ko na jemage a jiƙa shi a cire a ranar. A koya wa yaran gida waɗannan, tun da su ne ke riƙe da tsumman kullum safiya. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma a wannan fage rigakafin bokiti biyu ne da inuwa.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.