Likitan Ƙwaƙwalwa Da Mai Maganin Gargajiya: Wa Rabuwarsu Ta Amfana?

Akwai ra'ayin da ya samu gindin zama a tsakanin 'yan boko, musamman ma'aikatan lafiya, cewa likitan ƙwaƙwalwar da ya san darajar karatunsa bai kamata ya kusanci saiwa da sassaƙe ba, balle ya sha inuwa ɗaya da masu maganin gargajiya ko malaman ruƙiyya, domin yin haka komawa ne cikin duhun kai. Wannan ra'ayi yana sanye da rigar kishin kimiyya, amma tarihin fannin da kansa ya ƙaryata shi, kuma mai taɓin hankali da danginsa ne ke ɗanɗana kuɗarsa.

Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda aka haifa a Abeokuta a 1923, ya yi karatun likitanci a Birmingham, ya ƙware kan cututtukan ƙwaƙwalwa a asibitin Maudsley da ke Landan, don haka babu mai iya cewa karatu ne ya gaza masa. Da ya dawo gida, a 1954 ya kafa tsarin da aka sani da ƙauyen Aro, inda ba a kulle majinyaci a bayan katanga, sai a saukar da shi a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti tare da ɗan'uwansa mai jinya, ya riƙa zuwa karɓar magani da rana, ya koma ya kwana cikin jama'a. Ƙwaya da allurar zamani ba su tsaya ba, amma Lambo ya jawo masu maganin Yarabawa cikin aikin, saboda ya lura cewa su ne suka san harshen da majinyaci ke fassara ciwonsa da shi. Mutumin da ya yi wannan bai ƙare a matsayin boka ba. Ya shugabanci Jami'ar Ibadan, daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

Abin da ya fi ba masu wancan ra'ayi kunya yana cikin kwalbar maganinsu. Reserpine, ɗaya daga cikin magungunan farko da aka yi wa masu hauka amfani da su a asibitocin Amurka, an tato shi ne a 1952 daga saiwar Rauwolfia, wadda masu maganin Indiya suka daɗe suna ba mahaukata. A 1960 likita Raymond Prince, wanda ya yi aiki a Aro, ya wallafa cewa masu maganin gargajiya a ƙasar Yarabawa suna jiƙa saiwar wani jinsin wannan itace su ba wanda ya fusata ya sha, ya yi barci, hankalinsa ya kwanta. Ke nan tun kafin kamfani ya zuba sinadarin a ƙwaya, yana cikin tukunyar mai magani. Abin da kimiyya ta ƙara shi ne awo, wato sanin adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa, kuma wannan ba ƙaramin ƙari ba ne, domin reserpine ɗin ma an ja baya da shi saboda illolinsa.

A nan ne ya kamata a ja layi, tsakanin abin da aka gwada da wanda ba a gwada ba, ba tsakanin asibiti da gargajiya ba. Ganyen Hypericum, wanda likitocin Jamus ke rubuta wa masu ciwon damuwa marar tsanani, yana sa hanta ta gaggauta narkar da wasu magunguna, har ya rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da wasu magungunan ƙanjamau, idan kuma aka haɗa shi da irin su fluoxetine yana iya jawo zazzaɓi da makyarkyata da ruɗewa. Likitan da ya raina ganye ba zai tambaya ba, majinyacin da ya san za a yi masa faɗa kuwa ba zai faɗa ba. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin jinya ya ga galan ɗin jiƙo ko na rubutu a ƙarƙashin gado, an rufe shi da zane kafin likita ya shigo zagaye. Haɗin da ake cewa an hana yana gudana kullum, sai dai ba tare da idon masani ba.

Haka ma gwaji ne ya raba gardama a batun jiyyar da ke bi ta jiki don ta kai ga zuciya, wato horar da numfashi, motsa jiki da koyar da mutum lura da tunaninsa ba tare da ya bi shi ba. Tun 2004 hukumar da ke tantance hanyoyin jiyya a Ingila ta amince da wani nau'inta don hana ciwon damuwa dawowa ga wanda ya sha fama da shi.

Masu adawa suna da hujja guda mai nauyi, ita ce mari. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu ɗaure da sarƙa, kuma duka da yunwa da ake yi wa marasa lafiya da sunan korar iska zalunci ne da ba shi da uzuri. Sai dai ƙaurace wa masu irin waɗannan wurare bai taɓa kwance ƙafar kowa ba. Binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda mujallar Lancet ta buga a 2020, ya sa ma'aikatan ƙananan asibitoci sun riƙa ziyartar majinyata a wurin masu maganin gargajiya da na addini suna ba su magani, kuma bayan wata 6 waɗanda aka yi wa wannan haɗin guiwa sun fi sauran samun sauƙi.

Nijeriya, mai mutane fiye da miliyan 200, likitocin ƙwaƙwalwarta 'yan ɗaruruwa ne, kuma iyalin da ke nesa da asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa ko Kware wurin malami za su fara zuwa, ko likita ya so ko ya ƙi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ba za ta kai ga waɗannan mutane ba sai ta hannun masu maganin da mutanen ke zuwa wurinsu. Ya rage wa makarantun koyon likitanci su koya wa ɗalibansu tambayar majinyaci abin da yake sha a gida ba tare da tsawa ba, gwamnatocin jihohi kuma su yi rajistar masu magani, su haɗa su da asibiti mafi kusa, su rufe gidan duk wanda aka samu da mari.