An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Akwai wata muguwar ɗabi'a da ta samu gindin zama a garejojin manyan motoci, tun daga Mararrabar Jos da Tafa har zuwa Ƙofar Ruwa a Kano. Direba zai shigo da DAF ko MAN ko Howo, ya ce, "Oga, motar nan karkarwa take yi idan zan tashi, ga wani ƙara kwas daga ƙasa." Bakanike na zaune kan benci, bai miƙe ba, bai leƙa ƙarƙashin mota ba, sai ka ji ya yanke hukunci: "Filet ne. A sauke giya." Iyakar binciken ke nan. A tara yara, a kwana biyu ana fama da akwatin giya mai nauyin kusan kilo 300, a sa sabon filet ɗin kuloci, mota ta fita. Kafin ta kai Lokoja karkarwar ta dawo.

Malam bakanike, wannan canki-canki ne, kuma da kuɗin wani kake yin sa. Sunan gyara bai dace da shi ba.

Injin babbar mota ya kai tan guda, wani ma ya haura. Ba a kan ƙarfe tsura yake zaune ba. Tsakaninsa da casis akwai injin-sit, wato roba mai kauri da aka manne tsakanin ƙarafa biyu, tana shanye girgiza, tana kuma riƙe inji kada ya murɗe sa'ad da ya yunƙura zai ja lodi. Robar nan tana tsufa. Zafin inji yana busar da ita har ta tsattsage, baƙin mai da gas da ke ɗiga a kanta suna ruɓar da ita ta yi laushi, ramukan hanya kuma suna ƙarasa abin da ya saura. Idan ta mutu, inji ya samu sake. Direba na sakin kuloci, inji zai ɗaga gefe guda ya koma ya faɗa, ya sake ɗagawa, mota ta riƙa fizga. A tsofaffin motocin da kulocinsu ke aiki da sandar ƙarfe abin ya fi muni, domin duk motsin da inji ya yi yana jan sandar, kuloci ya kama ya saki ba da yawun ƙafar direba ba. Wanda ke zaune a sitiyari zai rantse kuloci ne, kuma ba a ga laifinsa ba, abin da ya ji ya faɗa. Kai da aka kawo wa mota, kai ne ya kamata ka bambance.

Kuma bambancewar ba ta cin rabin sa'a. A datse tayoyi da katako, a ɗaure birki, direba ya sa giya ya ɗan saki kuloci kaɗan, kai kana gefe da tocila, nesa da gaban mota, kana kallon inji. A gwada gaba, a gwada ribas. Injin da mazauninsa ke lafiya ɗan motsi kawai zai yi. Wanda robarsa ta yanke za ka ga ya yi tsalle ƙuru-ƙuru. Sannan a kashe mota, a ɗaga kanta, a sa ƙarfe a ɗan banƙara kowane sit. A duba ko roba ta rabu da ƙarfenta, ko ta lotsa har ƙarfe na gogar ƙarfe yana sheƙi, ko noti ya kwance. Alamun ma sukan nuna kansu tun kafin a taɓa komai: fanka ta fara cin bakin murfinta, tiyon lagireto ya miƙe tamau, salansa na yawan tsagewa a wuri ɗaya, sandar giya na rawa ko tana fita da kanta, kuros ɗin furofela ba ya daɗewa. Mai walda ya like salansar nan sau uku, amma ba wanda ya tambayi abin da ke karya ta.

To me ya sa ba a yi? A ganina dalili biyu ne, kuma babu mai daɗin ji. Na farko lalaci. Na biyu, kuɗin aikin sauke giya ya ninka na canza sit, ga ɗan abin da ake samu a wajen mai sayar da kaya. Wanda ya san haka kuma ya zaɓi sauke giya, ya ci amana, ko da yana sahun farko a masallacin gareji.

Ko a ranar da laifin na kuloci ne da gaske, aikin rabi da rabi ake yi. Kuloci ba cuta ɗaya gare shi ba. Akwai sulɓi: a taka totur inji ya yi ƙara, mota ba ta ƙara sauri ba, ga ƙauri yana tashi. Akwai ƙin saki: an taka har ƙasa amma giya na gurzawa ba ta shiga. Wannan na biyun sau da yawa ba ya buƙatar a kwance ko noti ɗaya na giya. Iska ce ta shiga layin mai, ko tukunyar sama na yoyo, ko bustar da ke taimaka wa ƙafa da iska ta gaji. A Mack mai giyar Eaton Fuller kuwa sau da yawa saiti ne kawai ya gudu, akwai tazarar kusan rabin inci da ake bari tsakanin boris da ɗan birkin kuloci, kuma da ma'auni ake sa ta, ido ba ya isa. Amma sai a haɗa duka a kira su "filet ya ƙare".

Idan an buɗe kuma, sai a zare tsohon filet a zura sabo a rufe. Filet ɗin yawancin manyan motocin Turai faɗinsa milimita 430 ne, kuma duk faɗin nan so yake ya kwanta a kan fuska mai santsi. Filawil ya ƙone ya yi tabo shuɗi-shuɗi, ya tsattsage, ba a kai shi an goge ba. Sil ɗin bayan inji na zubar da mai, an ga jiƙar da ido, an bar shi, alhali man nan ne ya kashe filet ɗin farko kuma shi zai kashe na biyu. Dis ɗin da ke matse filet ya saki, an mayar. Boris ɗin tsakiyar filawil, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, an ce "zai ƙara tafiya". Wajen mayar da giya kuma, maimakon a tallafe ta da jak har ta zauna, sai a bar nauyinta ya rataya a kan shaf, ko a ja ta da noti da ƙarfin tsiya. Nan take cibiyar sabon filet ta lanƙwashe. An lalata kaya tun mota ba ta bar gareji ba, gobe a ce ai kayan yanzu jabu ne. Jabu akwai shi a kasuwa, ban musa ba, amma ya zama mafakar duk wanda hannunsa bai iya aiki ba.

Alhaji mai mota, kada ka gyara zama kana murmushi, da kai ake. Kai ne ake gaya wa sit biyu sun mutu ka ce a canza ɗaya. Sabo a gefe guda, lotsattse a ɗaya gefen, inji ya zauna a karkace, sabon ya ɗauki nauyin da ba nasa ba ya bi sahun tsohon. Kai ne ke cewa a yanko tsohuwar taya a cusa, ko a ɗaure da sarƙa, ko a yi walda ƙarfe da ƙarfe "kafin a dawo daga Legas". Girgizar da roba za ta shanye sai ta koma kan ƙafar inji da kwandon kuloci, wata rana ɗaya daga cikinsu ya tsage a tsakiyar daji. Kai ne kuma ke sa a ɗora wa motar tan 30 abin da ya fi ƙarfinta, sannan ka yi ta faɗa wai direba na cin filet. Idan bakanike na gaskiya ya ce maka a tsaya a duba, sai ka ɗauke motar ka kai wa wanda zai faɗa maka abin da kake son ji. Da haka kuka kori masu gaskiya daga sana'ar.

Direba ma yana da nasa kason. Tashi da babbar giya da cikakken lodi don ƙyashin canji, ɗora ƙafa kan kuloci ana tafiya, riƙe mota a kan hawa da rabin kuloci maimakon birki, duk ƙona filet ne. Mafi muni shi ne gangara da kuloci a take ko a firi don a rage shan gas. Wanda ya san Hawan Kibo, a hanyar Jos zuwa Akwanga, ya san abin da gangara ke yi wa babbar motar da ta rabu da injinta. Birki kaɗai ba ya riƙe tan talatin har ƙasa, zafi zai yi ya saki. Idan kuma mota na cikin ƙaramar giya aka take kuloci ta kwasa da gudu, tayoyi ne za su juya filet fiye da ƙarfinsa har ya tarwatse. A lokacin babu giyar da za a kama. Motar da ke gaban direba ta haya ce, cike da mutanen da ba su san an yi rowar kuɗin gas ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaran da ke koyon aiki. Yaro ya shekara biyar a gareji yana miƙa sifana, bai taɓa ganin ogansa ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar filawil ya auna ba, bai taɓa jin an tambayi direba "yaushe take yi, da lodi ko babu lodi, da sanyi ko bayan ta yi zafi?" ba. Abin da ya koya shi ne sunan kaya da farashinsu. Ran da aka yaye shi zai buɗe nasa gareji a bakin wata hanya, ya sa benci, ya zauna jiran direban da zai ce masa mota na karkarwa. Shugabannin ƙungiyoyin makanikai da ke karɓar kuɗin yaye suna sa hannu a takarda, su fara sa yaro ya gano cutar mota a gabansu kafin su ba shi ita.